Wa ya taɓa kai yara dajin manyan bishiyoyin nan na Revelstoke?

Maman biyu, Calgary: Assalamu alaikum jama'a. Hutun yara ya matso kuma oga ya dage sai mun je dajin nan na lardin British Columbia a nan Kanada, wai irin dajin ruwan sama ne amma a can cikin ƙasa nesa da teku. Ni dai tsorona tafiyar ƙafa, ƙaramar shekararta 2 ga kuma Hajiya surukata da ciwon gwiwa. Don Allah wanda ya je ya faɗa mana gaskiya.

Baban yara, Edmonton: Wa alaikumus salam. Mun je bara. Ki kwantar da hankalinki Maman biyu, Giant Cedars a Mount Revelstoke National Park duka duka mita 500 ce, hanyar katako ce aka shimfiɗa ta zagayo ta dawo da ku inda kuka ajiye mota, kuma a bakin titin Trans-Canada take kamar kilomita 30 kafin ku shiga garin Revelstoke. Bishiyoyin wasu sun kai shekara 500, yarana su uku suka haɗa hannu wai za su rungume ɗaya abin ya gagara. Sai dai akwai matakala, Hajiya za ta ɗan ji jiki.

Anti mai goyo: Matakalar nan ce ta ba ni kunya wallahi, na ɗauko keken jariri da ƙarfina ashe wahala na ɗauko, ƙarshe maigida ya mayar da shi but ɗin mota ni kuma na ciro zani na goya abina, turawa sai kallona suke ana murmushi, wata tsohuwa har ta tsaya tana tambaya yadda ake ɗaurawa. Indai don Hajiya ne ku tsaya a Hemlock Grove cikin Glacier National Park, bayan kun wuce mashigar duwatsun nan ta Rogers Pass, ita ba ta kai mita 500 ba ma kuma an yi ta ne yadda keken guragu zai bi.

Ɗalibi a Prince George: Anti ku fa duk ƙanana kuka gani 😄 Ku zo nan arewa, Ancient Forest, mutanen Lheidli T'enneh masu ƙasar suna kiransa Chun T'oh Whudujut, kamar kilomita 115 gabas da Prince George a kan titi mai lamba 16. Nan akwai bishiyoyin da suka haura shekara 1000. Abin da ya sa wurin yake jiƙe haka, iskar tekun Fasifik ce take cin karo da duwatsun Columbia ta sauke ruwa da dusar ƙanƙara, ƙanƙarar ta yi ta narkewa a hankali tana shayar da saiwoyi har cikin bazara. Amma daga Calgary akwai nisa, ba zan ɓoye ba.

Baban yara, Edmonton: Na manta, akwai wani tsiro mai faɗin ganye da suke cewa devil's club, jikinsa duk ƙaya har ƙarƙashin ganyen. Babban ɗana ya miƙa hannu ta gefen katako ya damƙa, ranar mun sha kuka, kwana biyu muna cire ƙaya. A riƙe hannun yara.

Maman biyu, Calgary: Innalillahi, Allah ya ƙara kiyayewa. Dabbar dajin nan beyar (bear) fa? Ita ce ta hana ni barci.

Anti mai goyo: Akwai su a yankin kam, mu dai ba mu haɗu ba. Mun tafi da abin fesa musu ɗin nan na korar su, kuma ana so a riƙa surutu a hanya, wannan kuwa yaranmu ba sai an roƙe su ba. Sauro ne ya fi damunmu a watan Yuli, ki tafi da man shafawa da rigunan ruwa, katakon in ya jiƙe santsi gare shi, kar Hajiya ta sa silifas. Sannan agogo yana komawa baya da awa ɗaya tsakanin garin Golden da Revelstoke, mu sai da muka yi ta gardama a mota kan ko azahar ta yi.

Maman biyu, Calgary: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hemlock Grove ɗin za mu fara, in gwiwar Hajiya ta yarda mu ƙarasa Giant Cedars. Anti zanin goyon atamfa kika yi da shi ko tawul?