Kumburin ɓoye da rinjayen tsatsa: neman kalma don bayanin habbatus sauda

Mai buɗe zare: Salamu alaikum, malamai. Ana neman Hausar kalmomi biyu da ke cika rahotannin gwajin habbatus sauda a kan manya: "inflammation" da "oxidative stress". Wasu na rubuta kumburi da damuwar iska. Ta biyun ba ta zauna ba sam.

Likita: Wa alaikumus salam. Kumburi kaɗai zai ɓatar da mai karatu, don Bahaushe in ya ji kumburi, ƙafa ko ƙurji yake hangowa. Wanda ake nufi a nan ido ba ya ganinsa. Garkuwar jiki ce take ci a hankali kamar garwashi cikin toka, musamman ga masu ciwon sukari da masu ƙiba. Jini ake ɗiba a auna sinadarai biyu da ke ƙaruwa idan akwai shi: CRP, wanda hanta ke fitarwa, da TNF-alfa. A ce kumburin ɓoye.

Mai harhaɗa magunguna: Na yarda, Likita. Ta biyun kuwa, damuwa ba ta da gurbi a ciki, ba zancen zuciya ba ne. A fasa farin goro a ajiye, ba a jima ba fuskarsa ta rine ta yi ja. A bar ƙusa a waje da damina, ta yi tsatsa. Iskar oksijin ce ta ci su. Jiki ma, yayin da yake ƙona abinci, yana zubar da ɓarɓashin oksijin masu cizon kitsen fatar ƙwayoyin halitta. Ragowar wannan cizon shi ne MDA da ake aunawa. Ni dai tsatsar jiki nake gani.

Malamar ɗakin gwaje-gwaje: Malam, tsatsa ta yi, amma da saura. Mai lafiya ma yana samar da ɓarɓashin nan kullum, sinadarai irin su SOD da gulutatayon suna share su. Matsalar tana zuwa ne idan ɓarna ta fi ƙarfin masu shara. Saboda haka rinjayen tsatsa. Masu sharar kuma a kira su makaran tsatsa.

Mai harhaɗa magunguna: Madalla, Hajiya, rinjaye ya kama ma'anar. Ga yadda jimla za ta fita: a gwaje-gwajen da aka bai wa manya gram 1 zuwa 3 na gari ko kafson mai a rana, tsawon mako 8 zuwa 12, an ga kumburin ɓoye da rinjayen tsatsa sun ragu, makaran tsatsa sun ƙaru. Yawancinsu a Iran aka yi, kan mutane kaɗan. Sinadarin da ke wannan aiki, timokwinon, haske da zafi suna lalata shi, don haka man da ya wuni a rana cikin farar roba a bakin tasha ya riga ya yi rauni. Kwalba mai duhu, a inuwa, a rufe da kyau.

Likita: Don Allah duk mai amfani da kalmomin ya haɗa da gargaɗi. Habbatus sauda tana sauke sukari da hawan jini, mai shan maganin sukari irin metformin ko maganin hawan jini ya riƙa aunawa, kada ya ajiye maganinsa. Mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, da mai juna biyu su fara tambayar likita. Kuma zazzaɓin cizon sauro kan ɗaga CRP sama ƙwarai, sai an warke a auna.

Mai buɗe zare: Na gode, malamai. Na rubuta ukun: kumburin ɓoye, rinjayen tsatsa, makaran tsatsa.