Ɗana ya samu aiki a babban kamfanin kwamfuta a Faransa: yaya ake lissafin albashin?

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum. Ɗana injiniya ne, wani babban kamfanin Amurka ya yi masa tayin aiki a ofishinsa na Paris. Takarda ta ce Yuro 60,000 a shekara, da hannun jari na shekara huɗu, da kuɗin sa hannu. Na buga lissafi na ga ya haura miliyan 39 na sefa. Shin haka zai riƙa karɓa? Me ya kamata ya duba kafin ya sa hannu?

Malam Sani, Zariya:
Wa alaikumussalam, Alhaji. Allah ya sanya albarka. Lissafinka daidai ne, Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, amma wannan adadi burut ne, wato kafin a yanki komai. A Faransa ana cire wajen kashi 22 zuwa 25 cikin ɗari na fansho da lafiya, kamar yadda CNSS, asusun fanshon ma'aikata, ke cire kashi 5.25 a nan Nijar, sai dai nasu yanka ya fi zurfi. Saura wajen Yuro 3,800 a wata. Sannan tun 2019 haraji ma daga albashi ake zare shi kai tsaye, marar iyali zai tashi da kamar 3,300. Ɗaki ɗaya da kicin a Paris yana lashe kusan 1,000, kuma masu gida sun saba neman albashi ya ninka haya sau uku, da mai tsaya maka.

Kuɗi ne mai kyau, Alhaji, amma don Allah kada a furta miliyan 39 a cikin dangi. Da an ji, kowa zai kawo buƙatarsa bisa adadin da bai taɓa shiga hannun yaron ba.

Injiniya Hadiza:
Baba, inda mutane ke faɗawa shi ne hannun jarin. Alkawari ne, ba a damƙa shi rana ɗaya; ana sakinsa kashi-kashi, abin da ba a riga an sakar masa ba kuma in ya bar aiki ya tafi ke nan. Ya nemi jadawalin a rubuce. Tsarin da aka san Amazon da shi, misali, kashi 5 ne a shekarar farko, 15 a ta biyu, 40 a ta uku, 40 a ta huɗu. Ka ga wanda ya fita bayan shekara biyu kashi 20 kawai ya ci. Kuɗin sa hannu shi ke toshe giɓin farko, kuma sau da yawa akwai sharaɗin maido da shi in an tafi da wuri. Ya karanta wannan layi sau biyu.

Sai matakin da aka ɗauke shi. Kowane mataki yana da iyakar albashinsa, hawa kuma yakan ɗauki shekaru, don haka yanzu ne lokacin ciniki, ba bayan ya shiga ba.

Abdu Rezo:
Ƙari kan na Hajiya Hadiza. Lokacin gwaji na ma'aikaci mai matsayin kadar (manyan ma'aikata irin injiniya) wata huɗu ne, ana iya sabunta shi har ya kai takwas, kuma a ciki sallama ba ta da wuya. Takardar zamansa da aikin take tafiya, to kada ya ɗauki bashi ko ya fara gini a gida kafin a tabbatar da shi.

Ya tambaya ko kwantaraginsa na awa ne ko na kwana. In na kwana 218 ne a shekara, babu kuɗin ƙarin awa. Ya kuma tambayi zagayen jiran kira: mako nawa waya za ta kwana a gefen matashinsa, na'ura ta faɗi ƙarfe uku na dare ya tashi, kuma nawa ake biya.

Shugabansa na kai tsaye shi ke rubuta kimarsa ta shekara, daga nan ƙarin albashi da sabon hannun jari ke fitowa. Ya nemi magana da shi da wani ɗan ƙungiyar kafin sa hannu, ya ji mutum nawa suka bar wurin a shekarar da ta wuce. Girman suna ba ya hana kora: a Janairun 2023 Google ta sanar da rage mutum 12,000, Microsoft 10,000. Ya fara tara abin da zai riƙe shi wata shida, sannan a yanke abin da zai riƙa aikowa Maraɗi.