Shawarwarin Masana Kan Tsara Filin Jirgin Sama da Rage Ƙararsa

Abin da masu tsara filayen jiragen sama suka fi nanatawa shi ne a zana tsarin shekara 20 tun kafin a zuba kwalta, a kuma killace filayen da ke bakin titin jirgi. Filin Malam Aminu Kano ya isa misali: gari ya bunƙasa har ya kewaye shi.

Kan ƙara, sun ce a fara da awo. A Amurka, wurin da matsakaicin ƙarar dare da rana ya kai desibel 65 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) ba a ɗaukarsa wurin gina gidaje ko makarantu, kuma jirgin da ya wuce tsakanin ƙarfe 10 na dare da 7 na safe ana ƙara masa desibel 10 a lissafi. Matuƙa kuma su riƙa gangarowa a hankali ba tsayawa, domin saukowa hawa-hawa na sa a riƙa ƙara wa inji wuta a saman unguwanni.

Tagogi masu gilashi biyu, da Turawa ke yabo, ba su da wani tasiri a gidan da rufinsa kwano ne, mutanensa kuma a tsakar gida suke kwana lokacin zafi.

Dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta nazarin muhalli kafin babban aiki. Wurin da ake yawan yin sake shi ne juji da mayanka: cikin kilomita 13 daga filin, suna jawo shirwa da ungulu, tsuntsu ɗaya kuwa ya isa ya lalata inji.