Shawarwarin masu horar da yaran unguwa kafin a buɗe kakar wasa

Da masu horar da yaran unguwa ƙwallon ƙafa a Kano suka zauna, maganar iyaye ce ta fi cin lokaci. Kowa ya yarda cewa kafin a sayi ƙwallo ko riga, a fara gaida mai unguwa, sannan a bi gida-gida a nemi izinin mahaifin kowane yaro. Kada atisaye ya shiga lokacin Islamiyya. Yammacin Alhamis da Juma'a, da ba a karatu, shi ya fi dacewa. Da azumi kuwa a rage gudu.

Kuɗin karo-karo a damƙa wa ma'aji, ba koci ba, ya rubuta komai a littafi, a karanta wa iyaye duk wata.

Batun rage shekaru ne ya fi taɓa ni. Tun 2009 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ke duba ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, don tantance shekarun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, saboda haka yaron da aka koya wa ƙarya a unguwa, can gaba asirinsa zai tonu, ya rasa damarsa. A karɓi takardar haihuwa tun ranar rajista.

A watan Agusta ruwa kan kwanta a fili, sai a nemi aron filin wata firamare tun da wuri.