Musayar Waƙa: Zane da Kalma a Shafi Ɗaya

Ɗan Tawada:

Masu labarin zane, ku matso kusa,
Akwai wani aibi da ke ta yaɗuwa.
An zana yaro a guje, kare a bayansa,
An rubuta "yana gudu", ina ƙaruwa?
Ido ya riga ya gani tun kafin karatu,
Kalmar ba ta yi komai ba sai maimaitawa.
Hajiya, ke da kika san kan aikin,
Wane kaya ya dace kalma ta riƙa ɗaukowa?

Hajiya Mai Fensir:

Malam, kalma ta ɗauki abin da hannu
Duk gwanintarsa bai iya zanawa ba.
Sunan yaron, da dalilin gudunsa,
Da tsiren da ya ci bai biya ba.
Wari da ƙamshi, jiya da bara,
Da abin da ke zuci bai fito ba.
Ko ka sa bakinsa ya ce "ni ban tsorata ba",
Ga gumi na zuba, ƙafa ba ta tsaya ba.
Nan daɗin yake, zane ya ƙaryata baki,
Mai karatu ya gano, ba a faɗa masa ba.

Malam Ma'auni:

Hajiya kin faɗi, ni zan kawo awo,
Kowane gida, wato akwatin hoto ɗaya, da iyakar kayansa.
Tsoffin editocin Amurka sun ƙayyade
Kalma 35 a gida, kar a ɗara masa.
Balan-balan ɗin magana kar ya wuce 25,
In ya ƙi, raba shi biyu ka rage nauyinsa.
Shafi mai gida 6, kalma 210 ke nan,
Wanda ya zarce ya binne zanensa.
Tun a zanen gwaji ka ware wa magana
Sulusin sama, sannan ka jera mutanensa.
In ka bari sai ƙarshe, balan-balan
Zai zauna kan fuskar sarki da rawaninsa.

Autar Zane:

Yaya, ba ka taɓo batun jeri ba,
Ido a boko daga hagu yake tafiya.
Mai fara magana ka tsayar da shi hagu,
Nasa balan-balan sama, na biyu ya biyo baya.
In ka musanya su, jelar balan-balan ta haye jela,
Amsa ta riga tambaya, an kashe dariya.
Jelar ta nufi baki amma kar ta taɓa shi,
Rabin tazara ya ishe ta ta tsaya.
Manga, labarin zanen Japan, daga dama take farawa,
Mai yi da ajami ma haka zai juya.

Ɗan Tawada:

Auta, kin yi daidai. Ga kuma farin fili
Tsakanin gida da gida, mai rabawa.
Nan an ɗaga sanda, can ga tulu a fashe,
Ba a zana dukan ba, kai ka yi fasawa.
Scott McCloud, mai zane Ba'amurke, a littafinsa na 1993
Ya kasa tsallaken nan kashi 6 don koyarwa.
In ya yi nisa, rubuta "Bayan kwana uku",
Kalma uku sun hana mai karatu ɓacewa.
Abin mamaki kuwa ka ɓoye shi bayan shafi,
Gidan ƙarshe na dama ya ja hannu ga buɗewa.

Hajiya Mai Fensir:

Saura ƙara. Buhu "tim", mari "tas", rijiya "tsundum",
Muna da namu, ba sai mun yi aro ba.
"Tim" ya yi kauri ya zauna ƙasan gida,
"Tas" siriri mai kaifi, ba kumburarre ba.
Sai ƙugiya: salon haruffan kwamfuta da yawa
Na wannan sana'a ba su zo da Ƙ, Ɗ da Ɓ ba.
Gwada su tun farko, don ɗan akwati kan fito
A gurbin harafin da injin bai gane ba.

Malam Ma'auni:

Mai kai wa maɗaba'a, ɗigo 300 a inci,
Rarar milimita 3 a gefe saboda yankansa.
Rubutu da baƙi zalla, ban da haɗin launi huɗu,
In ɗaya ya goce, harafi sai ya fito da inuwarsa.
Wanda ya zana a babbar takarda A3 zai buga a ƙaramar A5,
Tsawon harafi rabi zai koma, ya sani abinsa.
Ya rage shafi guda ya karanta da idonsa
Tun bai miƙa wa mai inji kuɗinsa.
Na waya kuwa gida-gida ake jerawa ƙasa,
Babu juya shafi, dogon fili ne jinkirinsa.