"Couche mince": ni dai na tsaya a kan yana

Ƴan'uwa, wani ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya same mu a shagon da muke haɗa panno, faifan da ke mayar da hasken rana lantarki, ya ce abin da malamansu ke kira "couche mince", masu Ingilishi kuma "thin film", yaya za a ce da shi a Hausa?

Abokin aikina ya ce falle. Ban yarda ba. Falle da kansa yake tsayuwa, kamar fallen takarda. Sunan ya fi dacewa da silikon ɗin pannon da ya cika kasuwar Maradi, wanda ake yankowa daga dunƙule, kaurinsa wajen maikuromita 150 zuwa 180 (maikuromita dubu ne milimita ɗaya). Shi kuwa "couche mince" ba yanko shi ake yi ba. Gas mai suna silan ake turawa cikin rufaffen akwati, silikon ya dinga kwantawa a kan gilashi, kaurin bai kai maikuromita 1 ba. Silin gashi ɗaya ya ninka shi fiye da sau 50. Shi ne ɗan gilashin nan mai duhu a goshin kalkuleta, kuma a 1976 aka fara samun lantarki da irinsa a Amurka.

Ni na ce yana. Ku dubi kunun gyaɗa in ya huce a kwano: abin da ke kwantawa a samansa, wanda in ka ɗaga da ludayi sai ya yage. Yanar silikon ke nan.

Wani dattijo da ke zaune ya ce ai yanar ido makantarwa take yi. Na ce Baba, me ya sa? Don tana tare haske. To, aikin da ake nema wurin yanar silikon ke nan, ta tare haske ta shanye. Inda take gazawa ma shi ne damuwar masu bincike: silikon mai santsi yana mayar da fiye da kashi 30 cikin 100 na hasken da ya sauka masa, sai ƙyalli kamar sabon tire a rana, jan haske kuma yakan ratsa yanar ya wuce. Shi ya sa da gangan ake yi wa shimfiɗar da yanar ke kwantawa a kai kaushi, don haske ya karkace, ya yi ta kai da komo a ciki. Wannan na sa masa tarkon haske, kuma Baba ya gyaɗa kai.

Saura shuɗin shafen nan na fuskar panno mai rage ƙyalli. Na ce makashin ƙyalli, ɗalibin ya ce shafen hana ƙyalli ya fi sauƙi a baki. Wanne kuka zaɓa?