Kishin da rantsuwa ba ta kwantar da shi

Mai tambaya, Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ya taɓa zama da mai irin wannan kishi ya taimaka ya yi magana. Mijin yayata kullum dare sai ya watsa toka a bakin ƙofa, da asuba ya fito da tocila yana neman sawun kwarto. Ya hana ɗan garuwa shiga gidan. Ta dafa Alƙur'ani gaban mahaifinsa, ya ce rantsuwar ma koya mata aka yi.

Wata daga Kaura Namoda: Wayyo 'yar uwa, kamar gidana kike faɗa. Nawa waya yake bincika. In ya ga kira, kwarto ne. In bai gani ba, na goge. Har zanena yake shinshinawa. Kowa cewa yake in yi haƙuri, so ne. Ranar da ya kwana da wuƙa ƙarƙashin filo na kwashi yarana na koma gidanmu. Daga baya aka gano ƙwaya yake sha.

Wani daga Talata Mafara: Namu Baba ne, ya haura saba'in, ya fara zargin Inna da maƙwabcin da ko tafiya ba ya iya yi sai da sanda. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Da muka kai shi asibitin tarayya na FMC Gusau likita ya ce ciwon mantuwa ne ya fara taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Ma'aikaciyar jinya: Wannan ciwo ne, kuma mata ma suna yi. Mai kishi na lafiya in ya ga hujja yana saukowa. Wannan kuwa ya riga ya yanke hukunci, duk abin da kika kawo ƙarin shaida ne a wurinsa. Giya da ƙwaya suna jawo shi, haka taɓin hankali, buguwa a kai, da wasu magungunan ciwon Parkinson mai sa karkarwar jiki. Ana ba da maganin da ke rage ruɗanin, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato suna duba irinsu. Don Allah kada ta amsa laifin da ba ta yi ba wai don a zauna lafiya, abin ƙaruwa yake. In ya fara barazana, ta bar gidan tukuna.

Mai tambaya: Na gode, Anti. Shi dai ya ce lafiyarsa ƙalau. Kawunsa kaɗai yake jin maganarsa, gobe Babanmu zai je ya sami kawun.